Madatsar ƙasa da takardar da ta ce “ƙaramin haɗari”

Da misalin ƙarfe 1:30 na daren 6 ga Nuwamba 1977, wata madatsar ruwa ta ƙasa ta ɓalle a saman wata kwalejin koyon addinin Kirista da ke Toccoa Falls, a jihar Jojiya ta Amurka. Da ka gan ta kafin wannan daren, da wuya ka kira ta madatsa. Tudun ƙasa ne mai tsayin kamar mita 12, tsawonsa wajen mita 120, bishiyoyi da ciyayi sun lulluɓe shi, a bayansa kuma akwai ɗan tafki. An yi kwana huɗu ana ruwan sama. Da bangon ya buɗe, ruwan ya gangaro, ya faɗo ta kan wani dutse mai tsayin mita 57, ya afka wa unguwar da ɗalibai masu iyali ke kwana. Mutum 39 suka mutu, kusan rabinsu yara.

Sunanta Kelly Barnes, kuma ba ta gwamnati ba ce. Makarantar ce ke da ita. An fara ta a 1899 da duwatsu da katako domin samar da ’yar wutar lantarki, a 1937 aka zuba ƙasa a kai aka ɗaga ta, bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake ƙara mata tsayi. Kowane zamani ya ɗora nasa a kan na baya. Kwamitin da ya binciki ɓallewar bai iya nuna dalili guda ɗaya tak ba, amma ya lissafo abubuwan da ya gani: bayan bangon ya cika miƙewa, ƙasarsa ta taɓa zamewa a wani wuri, saiwoyin bishiyoyi sun ratsa shi, ga kuma tsofaffin bututu binne a cikinsa.

In aka ce dam, hankalinka zai tafi Kainji ko Tiga. Amma a rajistar madatsun ruwa ta Amurka, mai ɗauke da sunaye fiye da 90,000, mafi yawa ƙanana ne irin wannan, na ƙasa, kuma kusan kashi biyu cikin uku mallakar masu zaman kansu ne: manomi, kamfani, makaranta, ƙungiyar mazauna unguwa. Babu gwamnatin da ke da injiniyoyin da za su leƙa kowacce duk shekara. To wacce za a sa wa ido, wacce za a ƙyale? Amsar da aka samar ita ce matakin haɗari, kalma ɗaya da ake rubutawa a gaban sunan kowace madatsa. Tarihin wannan kalma muke son bi da kai, domin abin da take nufi ba shi ne abin da yawancin mutane ke zato ba.

Yadda madatsar ƙasa ke mutuwa

Sai ka fahimci wannan kafin labarin ya yi maka ma’ana. Madatsar ƙasa tarin ƙasa ce da aka daddaɓe hawa-hawa, sau da yawa da yumɓu a tsakiya domin ya tare ruwa. Ba ta hana ruwa wucewa ɗungurungum. Ruwa na tsattsafowa ta cikin kowace madatsar ƙasa a duniya, a hankali, kuma injiniya ya san da haka tun yana zane. Aikinsa shi ne ya sa ruwan ya fita ba tare da ya kwashi ƙasa ba.

Hanyoyi biyu ne suka fi kashe ta. Ta farko, ruwa ya haura samanta. Kankare na iya jure ruwa ya bi ta kansa na ɗan lokaci, ƙasa kuwa ba ta iyawa. Ka tuna yadda ruwan damina ke yanka kunyar gona: ya fara da ɗan siririn layi, kafin ka ankara ya zama kwazazzabo. Shi ya sa ake yi wa kowace madatsa mafitar rarar ruwa, wato wata faffaɗar hanya a gefe wadda ta ɗan fi saman bangon ƙasa-ƙasa, domin in tafkin ya cika ruwan ya bi ta can. Kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun da suka ɓalle a Amurka, haurawar ruwa ce ta ci su.

Ta biyu ta fi sharri, domin a ɓoye take aiki. Ruwan da ke tsattsafowa ya samu hanya mai sauƙi, ko gefen tsohon bututu, ko ramin da dabba irin gafiya ta haƙa, ko gurbin saiwar bishiyar da ta mutu ta ruɓe, sai ya fara ɗauke ƙasa ƙwaya-ƙwaya daga bayan bango. Ramin na ci baya-baya zuwa wajen tafki, har ya zama kamar bututu a cikin ƙasa. Ana iya yin shekaru ana wannan zaizayar ciki, sannan a ƙare cikin awa ɗaya. Alamar da masu dubawa ke nema mai sauƙi ce: in ruwan da ke fitowa a gindin bango garau yake, da sauƙi, in ya yi jaja-jaja da laka, to madatsar ce da kanta ke fita.

Ka lura, duka biyun abubuwa ne da kulawa ke hanawa. A sare bishiya tun tana ƙarama, a toshe rami, a bar mafita a buɗe. Ba ilimi mai zurfi ba ne. Matsalar dai ita ce wa zai yi, wa kuma zai tabbatar an yi.

Tafkin attajirai

Amurkawa sun fara koyon wannan da tsada a 1889. Madatsar South Fork, a jihar Fensilbaniya, gwamnatin jiha ce ta gina ta tsakanin 1838 da 1853 domin ba wa wata hanyar jiragen ruwa ruwa. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe kasuwar hanyar, sai madatsar ta fara yawo daga hannu zuwa hannu. Ta fashe sau ɗaya a 1862, lokacin tafkin bai cika ba. Wani da ya saye ta daga baya ya cire bututun ƙarfe biyar da ke gindinta, waɗanda da su ake rage ruwa, ya sayar a matsayin tsohon ƙarfe.

A 1879 wata ƙungiyar attajiran birnin Pittsburgh ta karɓe ta domin yin wurin hutu da kamun kifi. A cikin ’yan ƙungiyar akwai Andrew Carnegie da Henry Clay Frick da Andrew Mellon, manyan masu kuɗin ƙarfe da banki na zamanin. Suka cike inda ya fashe da abin da ya samu. Ba su mayar da bututun ba. Suka rage tsayin bangon domin saman ya yi faɗin da keken doki zai wuce. Suka kuma sa raga a bakin mafita, kada kifayen da suka zuba su gudu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka dube shi shi kaɗai, ƙaramin gyara ne na mai gida a cikin kayansa.

An fa yi gargaɗi. A 1880 Daniel Morrell, shugaban kamfanin ƙarfe na Cambria da ke garin Johnstown a ƙasan kwarin, ya tura injiniyansa John Fulton ya duba. Fulton ya rubuta cewa gyaran bai yi ba, kuma babu hanyar rage ruwa. Shugaban ƙungiyar ya yi watsi da rahoton. Babu wata hukuma da za a kai wa ƙara, domin babu dokar da ta ba kowa ikon shiga.

Ranar 31 ga Mayu 1889, bayan ruwan sama mai yawan gaske, tarkace ya toshe ragar, ruwa ya haura bangon mai tsayin mita 22, da misalin ƙarfe 3 na rana ya tafi. Cikin ƙasa da awa ɗaya ruwan ya ci kilomita 23 ya isa Johnstown. Mutum 2,209 suka mutu. Iyalai 99 sun ƙare gaba ɗaya, babu ko mutum ɗaya da ya saura. Wani bincike da masana na Jami’ar Pittsburgh reshen Johnstown suka wallafa a 2016 ya nuna canje-canjen da aka yi wa madatsar sun rage ƙarfinta na fitar da ruwa da kusan rabi.

Kotu ba ta ci ƙungiyar tarar ko sisi ba. Lauyoyinta sun ce abu ne daga Allah, wanda a harshen shari’arsu ke nufin abin da babu wata kulawar ɗan Adam da za ta iya hanawa. Fushin jama’a ya sa kotunan jihohi da dama suka rungumi wata ƙa’ida daga wata shari’ar Ingila ta 1868, wadda ta ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, in ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya ko da bai yi sakaci ba. Wannan ci gaba ne, amma ka lura, sai bayan an mutu yake aiki. Dokar duba madatsu ta farko a Fensilbaniya sai 1913 ta zo, bayan wata madatsar kamfanin takarda a garin Austin ta kashe mutum 78 a 1911. Kalifoniya ta yi tata a 1929, ita ma bayan nata bala’in. Sauran jihohi da yawa suka yi shekara arba’in ko fiye ba su motsa ba.

Shekaru biyar da suka canza komai

A cikin waɗannan shekarun ne kuma aka fi gina madatsu. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1970 Amurka ta cika da ƙananan madatsun ƙasa: na shayar da shanu, na ban ruwa, na tare ambaliya a gonaki, na ƙawata sababbin unguwanni. Katafila ta yi araha, kowa na iya tura ƙasa ya tare rafi. Ba wanda ya san adadinsu.

Sai 1972. Ranar 26 ga Fabrairu, wata madatsa da kamfanin Pittston ya yi da tarkacen haƙar kwal ta fashe a kwarin Buffalo Creek, jihar West Virginia. Mutum 125 suka mutu, wajen 4,000 suka rasa muhalli. Kwana huɗu kafin nan wani jami’in duba ma’adinai na tarayya ya ce lafiyarta ƙalau. Kamfanin kuma ya maimaita maganar 1889, wai daga Allah ne. A watan Yuni na shekarar, ambaliya ta kashe mutum 238 a Rapid City, inda tarkace ya toshe mafitar wata ’yar madatsa ta fashe ta ƙara wa ruwan ƙarfi. A watan Agusta Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta umarci rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta ƙirga madatsun ƙasar, ta kuma duba su.

An yi ƙirgar, ba a yi dubawar ba, domin ba a ba da kuɗinta ba. Rajistar farko ta fito a 1975 da madatsu kusan 49,000. A nan ne matakin haɗari ya zama abin ƙasa baki ɗaya: a gaban kowane suna aka rubuta babba, matsakaici ko ƙarami. An kuma ja layi: madatsa za ta shiga rajista in tsayinta ya kai ƙafa 25, wato mita 7.6, ko tana riƙe ruwan da ya kai wajen mita kubik 62,000. Abin da bai kai haka ba, sau da yawa ba a ma san da shi ba.

A 1976 madatsar Teton, wadda gwamnatin tarayya ta gina da kanta, mai tsayin mita 93, ta fashe tun ana cika ta karon farko, zaizayar ciki ce ta ci ta. A Yulin 1977 madatsar Laurel Run ta kashe mutum 40, kuma ka san ina? Gefen Johnstown. Bayan wata huɗu sai ga Kelly Barnes. Shugaban ƙasa a lokacin Jimmy Carter ne, ɗan Jojiya, tsohon gwamnanta. Matarsa Rosalynn ta isa Toccoa a ranar da abin ya faru. Cikin ’yan makonni aka saki kuɗin dubawar da aka yi shekara biyar ana jira.

Daga nan zuwa 1981 injiniyoyi sun duba madatsu kusan 8,800 da ba na tarayya ba, akasarinsu masu matakin babban haɗari. Kashi ɗaya cikin uku aka samu ba su da aminci, kuma babban dalili shi ne mafitarsu ta yi kaɗan. Wato cutar South Fork, bayan shekara casa’in.

Abin da kalmar ke nufi

Ga inda mutane ke ruɗewa, har da ’yan jarida. In ka ji an ce madatsa na da babban haɗari, ba ana nufin ta kusa faɗuwa ba. In an ce ƙaramin haɗari, ba ana nufin tana da ƙwari ba. Kalmar ba ta kallon bangon ko kaɗan. Tana kallon abin da ke ƙasansa. Tambayar ɗaya ce: a ɗauka ta fashe yau, me ruwan zai tarar?

In akwai yiwuwar a rasa rai, babban haɗari ce. In ba a zaton rasa rai amma za a yi asarar dukiya mai yawa, ko a yanke hanya, ko wuta, ko ruwan sha, matsakaici ce. In ɓarnar ba za ta wuce filin mai ita ba, ƙarami ce. Sabuwar madatsa da aka gina jiya da ƙwararrun injiniyoyi, in akwai gida ɗaya a ƙasanta, babban haɗari ce. Ruɓaɓɓen tudun ƙasa mai yoyo ta ko’ina a tsakiyar daji, ƙaramin haɗari ne.

Wannan “gida ɗaya” ma tarihi gare shi. A ƙa’idar sojan injiniyoyi ta shekarun 1970, in mutane ’yan kaɗan ne ake zaton za su mutu, matsakaici ake rubutawa. Sai sun wuce ’yan kaɗan a ce babba. Nawa ne ’yan kaɗan? Uku? Shida? Kowace jiha da kowace hukuma ta fassara yadda ta ga dama. Sai a 1998 hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta fitar da ƙa’idar da ta ce rai ɗaya ya isa. A ganinmu wannan na cikin gyare-gyare mafi muhimmanci a duk tarihin, ko da yake ba kowace jiha ce ta bi shi kalma da kalma ba.

Me ya sa aka zaɓi auna sakamako maimakon ƙwarin bango? Domin shi ne abin da za a iya sani da araha. Sanin abin da ke cikin tudun ƙasar da aka tura shekara sittin da suka wuce, babu zane babu takarda, sai an haƙa an gwada, kuma kuɗi ne masu yawa. Ƙirga gidaje kuwa taswira ta isa. A yau ana yi da kwamfuta: a ƙaddara fashewa, a bi ruwan kwari-kwari, a ga zurfinsa da gudunsa a kowane gida, da mintocin da zai ɗauka kafin ya iso.

Kuma kalmar na da nauyi, domin komai a kanta yake rataye. Madatsa mai babban haɗari, a yawancin jihohi, ana duba ta duk shekara ko shekara biyu, dole mai ita ya rubuta tsarin gaggawa na wa za a kira da ina za a gudu, kuma mafitarta sai ta iya ɗaukar ruwan sama mafi muni da masana ke ganin zai yiwu a yankin, ko wani babban kaso nasa. Mai ƙaramin haɗari kuwa ana iya shekara biyar ko goma ba a leƙa ta ba, a wasu jihohin ma ba a zuwa sam, kuma ana barin mafitarta a kan ambaliyar shekara ɗari. Kada sunan ya yaudare ka. Ambaliyar shekara ɗari na nufin wadda ke da yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. In ka lissafa na shekara 50, yiwuwar ta zo aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 40 cikin 100.

Daga baya aka ƙara ma’auni na biyu a rajistar, wanda shi ne ke kallon bangon kansa: mai kyau, mai dama-dama, marar kyau, ko wanda ya lalace. Sai ka haɗa biyun kake samun hoton gaskiya. A 2019 kamfanin dillancin labarai na AP ya yi wannan haɗin, ya samu madatsu 1,688 da ke da babban haɗari kuma suna cikin rukuni biyu na ƙarshe. Waɗannan su ne ke hana injiniyoyi barci.

Kalma na tsufa

Raunin tsarin a fili yake in ka ɗan yi tunani. Bango na nan inda yake, amma abin da ke ƙasansa na canzawa. Manomi ya gina madatsa a 1960, ƙasanta makiyaya ce, aka rubuta ƙaramin haɗari, kuma gaskiya aka rubuta. A 1990 maƙwabcinsa ya yanka gonarsa filaye ya sayar. Yau gidaje ashirin ne a bakin rafin. Ba a taɓa madatsar ba, amma ta zama mai babban haɗari, da mafitar da aka auna don shanu. In ba wanda ya koma ya ƙirga, takarda na nan tana cewa ƙarami, kuma saboda ta ce ƙarami ba wanda zai koma. Ka ga da’irar.

Abin da ya faru ke nan a Ka Loko, a tsibirin Kauai na jihar Hawai. Kamfanin rake ne ya gina madatsar a 1890. Noman rake ya mutu, filin ya koma hannun wani attajiri dillalin motoci. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi aikin tura ƙasa a bakin tafkin ba da izini ba, kuma rahoton binciken da aka yi bayan bala’in ya nuna da alama a nan ne aka binne mafitar. A takardar jiha, Ka Loko ƙaramin haɗari ce. Doka ta ce a duba ta duk shekara biyar, amma jami’an jiha ba su taɓa duba ta ba. Da asubahin 14 ga Maris 2006, bayan makonni ana ruwa, ta fashe. Mutum 7 suka mutu a gidajen da ke ƙasa, har da mace mai ciki. A 2014 aka yanke wa mai filin ɗaurin wata bakwai. Jihar ta yi sabuwar doka a 2007, ta sake auna madatsunta, kuma a yau mafi yawansu babban haɗari aka rubuta musu. Madatsun ba su canza ba, an dai je an duba ne.

Amma kada ka ɗauka duk masu madatsu irin wannan ne. Da yawansu talakawa ne da suka gaji tafki tare da gona, ko mazauna unguwa da suka sayi gida don kyan ruwa, ba su san bangon nasu ne ba. Ranar da wasiƙa ta zo cewa an ɗaga matakin madatsarka zuwa babba saboda gidajen da wani ya gina, a filin da ba naka ba, da izinin da ƙaramar hukuma ta bayar ba tare da ta tambaye ka ba, gyaran mafita kaɗai na iya cin dubban ɗaruruwan daloli. Madatsar kuma ba ta kawo maka ko kwabo. Wasu sai su fasa ta da gangan su huta. Wasu su shiga kotu. Wasu su yi shiru. A Oktoban 2015, ruwan sama ya fasa madatsu kusan 50 a jihar South Carolina, da yawansu ƙananan na ƙasa ne a unguwannin birnin Columbia, jere a kan rafi ɗaya, ta sama na fashewa tana juye wa ta ƙasa. Wa ya kamata ya biya, mai bango ko wanda ya zo ya zauna a ƙasansa? Amurka ba ta warware wannan ba har yau.

Ba can kaɗai ba ne. Ranar 9 ga Mayu 2018 da daddare, wata madatsar ƙasa a wata babbar gona mai zaman kanta a Solai, yankin Nakuru na Kenya, ta ɓalle a kan ƙauyukan ma’aikata da ke ƙasanta, ta kashe mutum sama da 40. Hukumar kula da albarkatun ruwa ta ƙasar ta ce madatsar ba ta da izini. A nan matsalar ta riga ta Ka Loko mataki ɗaya: ba a rubuta kalmar da ba daidai ba, ba a rubuta komai ba ne. A wajenmu, waɗanda muka fi tunawa na gwamnati ne, Bagauda a Agustan 1988 da Alau a Satumbar 2024. Amma in ka san wata ’yar madatsar ƙasa a garinku, ta shayar da dabbobi ko ta noman rani, tambayoyin da aka yi wa Kelly Barnes su ne nata: akwai bishiya a jikin bango, an yi shuka ko gini a cikin mafita, an jera buhunan yashi a bakinta don a ƙara tara ruwa, kuma gidaje nawa ne a ƙasa yau waɗanda babu su ranar da aka gina ta?

Jojiya, inda muka faro, ta yi dokar madatsunta a 1978, ’yan watanni bayan Toccoa. Ba a sake gina Kelly Barnes ba. Dokar ta raba madatsu gida biyu kacal: waɗanda fashewarsu za ta iya cin rai, da sauran. Na farko ana ba su izini ana duba su a kai a kai. Na biyu jiha ba ta duba lafiyar bangonsu, amma aƙalla duk shekara biyar ana komawa kansu, a bi rafin zuwa ƙasa, a ga ko an yi sabon gini.